Ba A Yi Wa Bakin Garma Rajista

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakin masu kishin sana'o'in gida, musamman 'yan boko da ke ganin hazaƙar maƙera da masu walda tana tafiya a banza. Cewa suke yi dokar Najeriya ba ta ƙaunar mai ƙira. Misalin da suke bayarwa kusan iri ɗaya ne kullum. Mai walda a Talata Mafara ko Bakura ya shafe shekara yana gyara injin casar shinkafa, ya sauya lanƙwasar haƙoransa, ya karkata mazubinsa har ya daina fasa ƙwaya. Kafin kaka ta zagayo, maƙwabcinsa ya leƙa ya kwaikwaya. Aka ba shi shawara ya tafi Abuja ya yi wa siffar injin rajista, sai lauya mai tsoron Allah ya gaya masa cewa irin wannan siffa ba ta shiga rajistar fasali, domin aikin injin ne ya tilasta ta. Daga nan sai a ɗaga murya: an danne talaka, an kare manyan kamfanoni.

Ƙorafin yana da tushe, amma an dasa shi a gonar da ba tasa ba. Ƙa'idar da ta hana mutum mallakar siffar da aiki ya tilasta tana cikin 'yan ƙa'idojin da ke tsaye a bayan talakan Bakolori. Ranar da aka sassauta ta, mai waldan da ake yi wa kuka shi ne zai fara shiga uku. An zalunce shi, gaskiya ne, sai dai a wani wuri daban, kuma masu ƙorafin sun wuce wurin ba su waiwaya ba.

Abin da doka ta faɗa

Dokar da ke kula da wannan fanni ita ce Dokar Shaidar Ƙirƙira da Fasalin Kaya ta 1970, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa, kuma har yau ita ke aiki. Ta buɗe ƙofofi biyu mabambanta. Ta farko ƙofar ƙirƙira ce: wanda ya samo sabuwar dabarar yin wani aiki, dabarar da ba a san ta ba a ko'ina, wadda kuma ba kowane gwani ne zai hango ta cikin sauƙi ba, ana ba shi shaidar da ke hana kowa amfani da dabarar har shekara 20. Ta biyu ƙofar fasali ce, wato kamannin kaya da ido ke gani. Sashe na 12 ya bayyana fasali a matsayin haɗin layuka ko launuka, ko siffa mai jiki, da aka tsara domin a riƙa buga kaya da yawa a kanta, da sharaɗin kada manufarta kaɗai ta zama cim ma wani sakamako na aiki. Wannan rajista shekara 5 take yi, ana sabunta ta sau biyu, jimla shekara 15.

Buta ta isa misali. Dole buta ta sami ciki mai riƙe ruwa, da hanci mai zubarwa, da mariƙi. Waɗannan ba zaɓin kowa ba ne, alwala ce ta zaɓe su. Amma ratsin launin da aka yi mata, da ƙirar murfinta, da adon da aka zana a gefenta, duk ana iya sauya su buta ta ci gaba da zuba ruwa yadda take yi. Su ne fasali. Haka zanen atamfa, da ɗinkin hula, da adon da dukawa ke yi wa sirdi da jaka. Bakin garma kuwa ƙasa ce ta ƙera shi tun kafin maƙeri ya hura wuta. Lanƙwasar lauje karan shinkafa ne ya tsara ta. Faɗin bakin mesar injin ban ruwa, bakin injin ne ya yanke shi. Wanda ya ce shi ya mallaki waɗannan siffofi, ikirarin mallakar huɗa da yanka da ban ruwa yake yi, ko da bai furta ba.

Me ya sa ƙofofin suka zama biyu

Shaidar ƙirƙira ciniki ne tsakanin mutum da al'umma. Al'umma ta yarda ta ɗaure hannunta shekara 20, shi kuma ya biya da abu biyu: ya zo da abin da babu shi a da, sannan ya bayyana sirrinsa a rubuce dalla-dalla, ta yadda idan wa'adi ya cika kowa zai iya yi. Sharuɗɗan suna da tsauri saboda abin da ake bayarwa yana da tsada. Rajistar fasali ba ta neman bayanin dabara, ba ta tambayar zurfin tunani. Hoto ko samfuri ake miƙawa, a biya kuɗi. An sauƙaƙa ta ne saboda abin da take hanawa kaɗan ne: idan aka hana ka zanen atamfar wani, akwai zane dubu da za ka iya yi, mata kuma ba za su rasa zane ba.

To idan aka bari siffar aiki ta bi ta wannan ƙofa mai sauƙi, an ba mutum ladan ƙirƙira ba tare da ya biya farashinta ba. Ya sami ikon hana kowa yin aikin har shekara 15 da hoto ɗaya da rasit. Wannan shi ne shiga gida ta katanga alhali ga zaure a buɗe, don kawai a zaure akwai mai tambaya.

Kotunan duniya sun daɗe da gane wannan wayo. A Ingila, a shari'ar kamfanin AMP da na Utilux, wadda kotun ƙoli ta ƙasar a wancan zamani ta yanke a 1971, rigimar a kan wani ɗan ƙarfen haɗa waya ce da ake sakawa a cikin injin wanki. Kamfanin da ya yi rajista ya kafa hujja da cewa ana iya yin ƙarfen da wata siffa ya yi aiki iri ɗaya, saboda haka siffarsa zaɓi ce. Alƙalai suka ƙi. Suka ce abin dubawa shi ne dalilin da ya sa aka yi siffar: idan aiki ne kaɗai ya sa, ba don ta burge idon mai saye ba, to ba fasali ba ce.

Shari'ar da ta fi kusa da masu walda ita ce ta kamfanoni biyu na Jamus, Doceram da CeramTec, wadda Kotun Tarayyar Turai ta yanke ranar 8 ga Maris, 2018. Kayan da aka yi jayayya a kansu ƙananan ƙusoshin tangaran ne da ke daidaita ƙarfe yayin walda. Doceram ya yi musu rajista a siffofi da dama, sannan ya maimaita tsohuwar hujjar nan, cewa tunda akwai siffofi daban-daban, babu wadda aiki ya tilasta. Kotu ta nuna inda hujjar za ta kai mutane: kamfani ɗaya zai iya bin duk siffofin da aikin ke yiwuwa da su ya yi musu rajista ɗaya bayan ɗaya, ya wayi gari ya mallaki dabarar baki ɗaya ba tare da ya cika sharaɗin ƙirƙira ko guda ba. Ko kamfanin Lego, mai bulon wasan yara, da wa'adin shaidar ƙirƙirarsa ya ƙare, ya nemi ya ci gaba da riƙe siffar bulon ta hanyar mayar da ita tambarin kasuwanci, wannan kotu ta hana shi a 2010, bisa irin wannan dalili. Yarjejeniyar haƙƙin fasaha ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Najeriya ke ciki, ita ma a sashe na 25 ta bar wa kowace ƙasa damar fitar da irin waɗannan siffofi daga kariya.

Wa zai riga zuwa Abuja?

Masu son a sassauta ƙa'idar suna zana hoton mai waldan Mafara riƙe da takardarsa, yana hana 'yan kwaikwayo. Sun manta su tambayi wanda zai riga isa ofishin rajista. Ofishin yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Wanda ke da lauya a kusa da shi, da kuɗin cike takardu, da sanin cewa ofishin ma yana nan, shi ne babban ɗan kasuwar da ke shigo da injinan ban ruwa da kayan gyaransu ta tashar jiragen ruwan Legas, da mai masana'antar roba a Sharaɗa ko Bompai. Maƙerin Maradun ba ya cikin wannan tsere, bai ma ji an busa usur ba.

Yanzu a dubi yadda noman rani ke tafiya a ƙasar Bakolori. An gina madatsar a kan kogin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, kuma filayen da aka tsara shayarwa sun ratsa ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun, kimanin hekta 23,000. Kaso mafi girma an tsara shi ne a kan na'urorin feshin ruwa da aka shigo da su daga waje, waɗanda ke buƙatar lantarki da kayan gyara na musamman. Wannan ɓangare shi ne ya fara durƙushewa. Abin da ya rayu shi ne abin da hannun gida ke iya gyarawa: magudanar da ruwa ke bi da kansa, da ƙaramin injin fetur da bakanike ke kwancewa a gindin bishiya, da garmar shanu da maƙeri ke sake wa baki. Har aikin farfaɗo da tsarin da aka yi da rancen Bankin Duniya ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, ya karkata ne ga ruwa mai gangarowa da kansa. Darasin shekaru arba'in ke nan: a wannan yanki, na'urar da ba a iya yi wa kayan gyara a gida gawa ce mai jiran rana.

Kayan gyara kuwa kwaikwayo ne tsantsa, kuma dole su zama haka. Mahaɗin da ke ɗaure mesa da bakin injin ba zai shiga ba sai ya yi daidai da bakin. Fanka da ke tura ruwa a cikin injin dole ta zauna a gurbinta. Idan doka ta yarda a mallaki waɗannan siffofi, sashe na 19 zai ba mai rajista ikon hana ƙera su, da shigo da su, da sayar da su, har da ajiye su don sayarwa. Duk mai walda da ya ƙera mahaɗi, da duk mai shagon da ya rataye shi ranar Talata a kasuwar Mafara, ya zama wanda ake iya kai wa ƙara. Manomin da injinsa ya tsaya a tsakiyar Fabrairu, alkama na neman ruwa, ba shi da zaɓi sai ya sayi na mai takarda a farashin da mai takarda ya ga dama, idan ma akwai shi a kasuwa. Tarayyar Turai, mai arzikin masana'antu, ta fitar da siffofin mahaɗai daga kariyar fasali tun a dokarta ta 2002, kuma a gyaran 2024 ta tabbatar da 'yancin ƙera kayan gyara. Idan masu ƙera motoci na Jamus da Faransa sun haƙura da wannan, babu dalilin da zai sa a ɗaure hannun bakaniken Bakura.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga abin da takardar da aka rubuta a nesa ke iya yi wa dukiyar mutum. Gonakin da suka gada kaka da kakanni, tsarin aikin madatsa ya karɓe su ya sake rabawa, kuma da manoma suka tsaya kan neman diyya, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a Afrilun 1980, aka zubar da jinin da har yau ba a daidaita kan yawansa ba. Garma da lauje da masussuka suna cikin ɗan abin da ya rage a hannun kowa da kowa. Ba ƙaramin ganganci ba ne a buɗe hanyar da wani zai zo da hatimi ya ce siffarsu tasa ce.

Inda ɓarakar take

Laifin dokar 1970 shi ne ta kafa ƙa'ida mai kyau sannan ta bar ƙofa babu mai gadi. Sashe na 16 ya umarci mai rajista ya duba abu biyu: ko takardu sun cika, da ko fasalin bai saɓa wa zaman lafiya da tarbiyya ba. Idan waɗannan sun yi, sai ya yi rajista ba tare da ƙarin bincike ba, kuma dokar ta ambata musamman cewa ba zai binciki ko fasalin sabo ne ba. Sashe na 13 kuma ya ce a ɗauka sabo ne har sai an nuna akasin haka. Ma'ana, a aikace, wanda ya ɗauki hoton abin da maƙera suka shekara hamsin suna yi, ya ƙara masa 'yar lanƙwasa, zai iya fitowa da takarda mai hatimin gwamnatin tarayya.

Takardar ba ta da ƙarfi a gaban alƙali mai bincike. Shari'ar Uzokwe da kamfanin Densy, kan fasalin wani mazubin roba na kicin, ta kai har Kotun Ƙoli a 2002, kuma mai rajistar bai yi nasara ba. Amma kafin a kai ga alƙali akwai tafiya. Hurumin irin wannan shari'a na Babbar Kotun Tarayya ne kaɗai, wato mutumin Maradun sai ya tafi Gusau, a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki, ya ɗauki lauya, ya jure ɗage zama. Wanda jarinsa injin walda ɗaya ne da janareta ba zai yi wannan ba. Wasiƙar lauya ɗaya mai ɗauke da kwafin takarda ta isa ta sa ya rufe shago. Takardar banza a hannun mai ƙarfi ta fi gaskiya a hannun mai rauni saurin aiki.

Don haka abin da ya kamata a nema shi ne a ƙara ƙin yin rajistar, a kuma yi shi tun a bakin ƙofa. A ba ofishin rajista iko da ma'aikata masu ilimin injiniya da za su tambayi mai nema: wane ɓangare na wannan siffa ne za a cire, kayan su ci gaba da aiki? Abin da ya rage bayan an cire na aiki, shi kaɗai za a rubuta masa. A kuma gyara kalmar "kaɗai" da ke sashe na 12, domin a yadda take, mai wayo zai iya manna ɗan ado a jikin na'ura ya ce ai manufarsa ba aiki kaɗai ba ce, sannan ya yi amfani da adon ya kama na'urar duka. Ya kamata doka ta fito fili ta ce kariya tana tsayawa a kan adon, ba ta tsallakawa zuwa abin da ke ƙarƙashinsa, ta kuma fitar da mahaɗai da kayan gyara da sunansu.

Haƙƙin mai hazaƙa

Saura tambayar da masu ƙorafi ke da gaskiya a kanta. Shi wanda ya gyara injin casa har ya daina fasa shinkafa, ya tashi a tutar babu ke nan? Ya yi wahala, ya ƙona ƙarfe da fetur, kuma manoma sun amfana. Addini ma bai raina wannan haƙƙi ba: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa.

Matsalarsa ita ce ya faɗa tsakanin ƙofofi biyu. Gyaransa aiki ne, don haka ba fasali ba ne. Kuma sau da yawa bai kai tsayin da cikakkiyar shaidar ƙirƙira ke nema ba, domin ƙari ne a kan injin da aka sani. Ƙasashe da yawa sun gina wa irinsa ƙofa ta uku, wato ƙaramar shaidar ƙirƙira, mai sauƙin sharaɗi, mai arha, mai gajeren wa'adi. Jamus ta kafa ta tun 1891, Japan ta bi a 1905, Sin ta rungume ta da wa'adin shekara 10, kuma ƙananan masana'antunta sun yi amfani da ita ƙwarai. A Afirka, Kenya da Ghana suna da ita. Abin da ya fi ciwo shi ne maƙwabciyarmu Nijar tana da ita ta hanyar ƙungiyar OAPI, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. Mai walda a Maraɗi ko Birnin Ƙonni yana da ƙofar da ɗan'uwansa na Talata Mafara, mai yare ɗaya da sana'a ɗaya, ba shi da ita. Dokar Najeriya ta haura shekara hamsin ba a ƙara mata wannan babi ba, majalisu sun zo sun wuce.

Ga inda ya kamata 'yan majalisar tarayya masu wakiltar Zamfara ta Yamma su sa ƙarfinsu, tare da lauyoyi da injiniyoyin yankin. Bambancin ƙaramar shaida da rajistar fasali ba a suna kawai yake ba. Ƙaramar shaida tana tilasta mai nema ya rubuta ainihin abin da ya ƙara, don haka iyakar haƙƙinsa a bayyane take: ya mallaki sabon jerin haƙoran da ya tsara, bai mallaki injin casa ba. Kuma idan wa'adi ya cika, bayanin yana nan a rubuce ga duk ɗalibin da ke son ɗorawa.

Kafin a kai ga gyaran doka ma akwai abin yi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana cikin Talata Mafara, haka Jami'ar Jihar Zamfara. Hukumar NOTAP ta tarayya tana taimaka wa masu ƙirƙira na gida wajen neman shaida, tana kuma buɗe ofisoshi a manyan makarantu. Babu abin da ya hana waɗannan makarantu su zama wurin da mai walda zai kai injinsa a tantance masa: wannan ɓangare sabo ne, a nema masa shaida; wannan ado ne, a yi masa rajistar fasali; sunanka da alamarka kuma a yi musu rajistar tambari, domin manomi ya san na wa yake saye. Tambari ba ya hana kwaikwayon injin, amma yana hana ɗan kwaikwayo cin kasuwa da sunan wani, kuma a kasuwar da kowa ya san kowa, suna shi ne rabin jari.

Akwai kuma aiki na biyu da ya fi wannan gaggawa: a ɗauki hoto, a auna, a rubuta duk kayan aikin da maƙera da masu walda na Mafara, Bakura da Maradun ke ƙerawa a yau, da kwanan wata, a wallafa. Doka ta ce abin da aka riga aka bayyana wa jama'a ba sabo ba ne. Kundin irin wannan shi ne shaidar da za a ajiye gaban alƙali duk ranar da wani ya zo da takarda yana ikirarin abin da ya tarar. Aikin ɗaliban shekarar ƙarshe ne na zango ɗaya ko biyu, kuma kuɗinsa bai kai na taron bita guda a otal ba.

Mai son taimakon maƙeri ya nema masa ƙofar da ta dace da shi. Faɗaɗa rajistar fasali har ta haɗiye aiki gatari ne da za a saya da sunansa, a sare shi da shi. Zanen da ya yi wa murfin injinsa nasa ne, sabuwar dabarar da ya ƙara tasa ce har wa'adin da doka ta yanka. Bakin garma kuwa ya tarar da shi a maƙerar ubansa, kuma haka ya kamata ɗansa ya tarar da shi, babu hatimin kowa a kai.